DA RARRAFE YARO KAN TASHI: ƊINKIN SHIMFIƊAR FARANTI GA MASU KOYO

A gidajen ma'aikata da dama a biranen Arewa akwai keken ɗinki da ke jingine a lungun ɗaki, an lulluɓe shi da tsohon zane, an ɗora masa kwanuka ko littattafan yara a kai. Wani an sayo shi ne cikin kayan ɗakin amarya, wani kuwa maigida ne ya yi ta tarin kuɗi wata da watanni, ko kuma uwargida ta ɗauki adashi, aka saya da niyyar ya riƙa tallafa wa albashi. Amma sai a wayi gari shekara ta zagayo keken bai ɗinka ko hular jariri ba, har tsatsa ta fara kama shi.

Idan aka bi diddigin irin waɗannan kekuna, sau da yawa labarinsu iri ɗaya ne. Mai koyo takan ɗoki sana'ar, sai ta fara da babban aiki, watau riga ko siket na atamfa mai tsada. Yanka ya karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuya ya ƙi zama, turmi guda ya salwanta, mutanen gida kuma su yi mata dariya. Daga ranar sai zuciyarta ta karye, ta rufe keke, ta koma kai wa tela ɗinki kamar yadda ta saba. Asarar da aka yi ta wuce ta atamfar, domin kuɗin keken sun kwanta, sana'ar da aka sa wa rai kuma ta mutu tun ba ta kai ko'ina ba.

Wannan ne dalilin da ya sa malaman ɗinki da na darasin kula da gida sukan ɗora sabon ɗalibi a kan ƙaramin aiki wanda ba shi da hannu, ba shi da wuya, ba shi da zif ko maɓalli. Ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi dacewa da wannan mataki shi ne ɗinkin shimfiɗar faranti, watau ɗan ƙyallen nan mai kusurwa huɗu da ake shimfiɗa wa kowane mutum a gabansa bisa teburin cin abinci, a ɗora faranti da cokali da kofin ruwa a kai. Aikin shimfiɗar shi ne ta kare tebur daga zafin faranti da ɗigon miya da ƙarzar tangaran, ta kuma ƙawata wurin.

BAƘUWA MAI DANGI A GIDA

Cin abinci a kan tebur, kowa da farantinsa, al'ada ce da ta shigo ƙasar Hausa ta hanyar gidajen ma'aikatan gwamnati da makarantun kwana da otal-otal. Har yanzu mafi yawan gidaje a kan tabarma ko leda suke cin abinci, a haɗa hannu a kwano ɗaya, maza daban, mata daban, yara daban. Duk da haka shimfiɗar faranti tana da dangi na kusa a cikin kayan gargajiya. Faifai, wanda mata ke tufkawa da kaba su ƙawata shi da rini, ya daɗe yana yin irin wannan aiki: a rufe akushi ko ƙwarya da shi, a fifita abinci, a kuma ɗora kwano mai zafi a kansa. Wadda ta tashi tana ganin kakarta na ɗinkin faifai ba za ta ga wani sabon abu ba a cikin ra'ayin, sai dai kayan aikin ne suka sauya, daga kaba da basilla zuwa atamfa da keke.

Haka kuma sana'ar tufa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Lokacin da Bajamushen nan mai yawon bincike, Dakta Heinrich Barth, wanda ya riƙa amfani da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne saƙa da rini da cinikin tufafi. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbuktu da Murzuk da Tarabulus. A wancan zamani aikin a rabe yake: mata su gurje auduga su yi kaɗi, masaƙa su saƙa, marina irin na Ƙofar Mata su rina, maɗinka maza kuma su haɗa ƙyallaye da allura. A cikin wannan shekara ta 1851 ɗin ce kuma, can a Amurka, Isaac Singer ya sami takardar mallakar fasahar kekensa na ɗinki, shekaru biyar bayan Elias Howe ya sami tasa a 1846. Zuwan keke ne ya rage wahalar doguwar haɗa da hannu, ya kuma buɗe wa mata ƙofar ɗinki a cikin gidajensu. Kekunan Singer, da na Butterfly da ake kawowa daga Sin, sun zama sanannu a kasuwannin Arewa.

Atamfar kanta akwai lokacin da a gida ake yin ta da yawa. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, sa'an nan aka kafa United Nigerian Textiles a 1964, wasu masaƙun kuma suka biyo baya, har unguwar Kakuri ta cika da dubban ma'aikata, audugar Funtuwa da Gusau da Zariya kuma ta sami masaya a kusa. Masaƙar farko ta tsaya da aiki a 2002, ta biyun kuma ta rufe ƙofarta a 2007. Yawancin atamfar da ke jibge a manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari na Kano daga ƙasashen waje ake shigo da ita, saboda haka duk lokacin da darajar naira ta faɗi sai farashinta ya tashi. Ke nan ɓata turmi guda a wajen koyo ba ƙaramar asara ba ce ga mai ɗaukar albashi, musamman tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da tsadar rayuwar da ta biyo baya.

ABIN DA AKE KOYA A CIKINTA

Wanda bai san ɗinki ba zai iya raina wannan aiki, amma lissafi kaɗan zai nuna amfaninsa. Shimfiɗar da aka saba yi tana da faɗin inci 12 da tsawon inci 18, watau kimanin santimita 30 da santimita 45. Kewayenta ke nan inci 60. Sau biyu ake zagaya ta da ɗinki, sau ɗaya ta ciki, sau ɗaya ta waje. Duk wadda ta ɗinka guda shida, watau abin da zai wadaci tebur ɗaya, ta yi miƙaƙƙen ɗinki na inci 720, daidai da yadi 20, ta kuma karya kwana sau 48. Kafin ta gama, ƙafarta ta saba da taka keke ba tare da ya koma da baya ba, idonta ya saba da bin layi, hannunta kuma ya koyi riƙe yadi ba tare da ja ba.

Ban da wannan, a cikin ɗan aikin nan ne mai koyo za ta fara sanin awo, da yanka, da barin rarar ɗinki, da bambanta fuskar yadi da bayansa, da sa shafi, da juya ɗinki baibai, da guga. Waɗannan su ne ginshiƙan kowane irin ɗinki, tun daga rigar matashi har zuwa babbar riga. Idan kuma aka yi kuskure, abin da za a rasa bai wuce ƙyalle ɗaya ba, shi ma ana iya warware shi a sake. Wani amfanin kuma shi ne ana gama shimfiɗa ɗaya cikin yini guda, har ma da saura. Mai koyon da ta ga abin da hannunta ya yi a kan tebur tun daren farko, za ta tashi da safe da marmarin komawa kan keke.

KAYAN AIKI DA AWO

Kayan da ake bukata ba su da yawa. Akwai yadin fuska, wanda atamfa ta fi dacewa da shi. Akwai yadin baya, watau shafi, wanda akoko ko alawayyo ko wani yadi mai launi ɗaya zai wadatar. Akwai kuma abin da za a sa a tsakiya don shimfiɗar ta yi kauri, kamar tsohon tawul, ko siririn bargon auduga, ko kuma akoko ninki biyu. Sai almakashi mai kaifi wanda ba a yanka takarda da shi, da tef ɗin awo, da alli, da ƙananan fil na riƙe yadi, da zare, da kwali, da dutsen guga. Allurar keke mai lamba 14 ita ce daidai da kaurin atamfa.

Wajibi ne a zaɓi yadin auduga zalla. Akwai atamfofi masu araha da aka haɗa da zaren roba, waɗanda suke da sheƙi da santsi. Irin waɗannan ba sa shan ruwa, suna zamewa a ƙarƙashin allura, kuma zafi yana narkar da su. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce a yanki ɗan ƙyalle a kusantar da shi ga ashana a tsakar gida, nesa da yara. Auduga takan ci da wuta ta bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda, na roba kuwa yakan naɗe ya bar ɗan dunƙule mai tauri. Soso ma ba shi da kyau a tsakiya, domin ba ya jure guga, kuma yana riƙe ruwa bayan wanki.

Tun da shimfiɗar da aka gama inci 12 ce da inci 18, sai a ƙara rabin inci a kowane gefe don rarar ɗinki. Ke nan za a yanka kowane ƙyalle inci 13 da inci 19. Atamfa takan kai faɗin inci 45 ko ta ɗara kaɗan, yadi ɗaya kuwa tsawonsa inci 36 ne. A yadi ɗaya cif, ƙyalle biyar kawai za a samu. Amma idan tsawon ya kai inci 38, sai a jera uku a faɗi, biyu a tsawo, a sami shida. Saboda haka wadda za ta saya gara ta sayi yadi ɗaya da kwata, domin ta sami shidanta ko da yadin ya tsuke bayan wanki. Da wannan lissafi, turmi ɗaya mai yadi shida zai ba da fuskar shimfiɗa kimanin 30.

Sai dai ga mai koyo saye ma bai zama dole ba. Kowane shagon tela yana tara guntayen atamfa, waɗanda a ƙarshe akan zubar ko a ƙone, ko a cusa a matashi. Ragowar ɗinkin sallah da na anko, da tsohon zanen da gefensa ya mutu amma tsakiyarsa na da ƙarfi, duk suna yin aiki. Idan guntayen ƙanana ne, ana iya haɗa uku ko huɗu su ba da fuska ɗaya, amma wannan sai bayan hannu ya faɗa.

Kafin almakashi ya taɓa yadi, lalle ne a wanke shi, a shanya, a goge. Dalilai uku ne. Sabon yadin auduga yakan tsuke a wankin farko, kuma atamfa da akoko ba sa tsukewa daidai da juna. Idan aka haɗa su ba a wanke ba, ranar da aka wanke shimfiɗar sai ta tattare ta ƙi kwanciya. Na biyu, wanki yana fitar da sitacin da masana'anta ta sa. Na uku, a nan ne za a gane ko atamfar tana zuba, kafin ta ɓata farin shafi.

YADDA AKE ƊINKAWA

Da farko sai a yanki kwali daidai inci 13 da inci 19, a tabbatar kusurwoyinsa huɗu sun tsaya sosai. Ana iya gwada su da kusurwar littafi mai bango mai tauri. Wannan kwali shi ne ma'auni, shi zai sa dukkan shimfiɗun su fito girma ɗaya. A shimfiɗa yadi a kan tebur ko tabarma, bayansa yana sama, a daidaita gefen kwalin da bakin yadi, watau gefen nan da ba ya warwarewa, sa'an nan a zagaya da alli a yanka. Daidaitawar nan tana da muhimmanci, domin yadi saƙa ce ta zaren tsaye da zaren kwance; wanda aka yanka a karkace yakan miƙe a ƙarƙashin keke, ya murɗe bayan wanki. Ga kowace shimfiɗa ana bukatar ƙyalle uku: fuska, da shafi, da na tsakiya.

Wurin jerawa ne masu koyo suka fi rikicewa. A fara ajiye na tsakiya a ƙasa. A ɗora shafi a kansa, fuskarsa tana kallon sama. Sa'an nan a kifa atamfa a kai, fuskarta tana kallon ƙasa. Watau kyawawan fuskokin biyu suna haɗe a ciki, abin da ido ke gani a sama bayan atamfa ne. A riƙe gefuna da fil, a sa su a gicciye, a riƙa cire kowanne kafin allura ta iso shi. A tsakiyar ɗaya daga cikin dogayen gefuna a sa alamar alli biyu, tsakaninsu inci huɗu. Wannan ita ce ƙofar da za a bari a buɗe don juyawa.

A saita tsawon ɗinki ya zama kamar taku goma a inci ɗaya, watau milimita biyu da rabi. A fara daga alama ɗaya, a yi taku uku gaba, uku baya, don a ɗaure zare, sa'an nan a miƙe, ana barin rabin inci daga baki. Dabarar samun miƙaƙƙen layi ita ce kada a kalli allura. A manna ɗan tef a jikin keke daidai rabin inci daga allura, a zuba ido ga bakin yadi yana bin tef ɗin. Haƙoran da ke ƙarƙashin allura su ne ke jan yadi gaba. Aikin hannu shi ne shiryarwa kawai. Idan aka kai rabin inci kafin kusurwa, sai a tsaya, a bar allura a nutse cikin yadi, a ɗaga 'yar ƙafar da ke danne yadi, a juya aikin, a sauke ƙafar, a ci gaba. Haka za a yi ta yi har a iso alama ta biyu, a sake ɗaure zare.

Bayan wannan sai a datse kan kowace kusurwa a karkace, kusa da ɗinki amma ba tare da an taɓa zare ba, a kuma rage rarar ƙyallen tsakiya idan yana da kauri. In ba a yi haka ba kusurwoyin za su fito a dunƙule. Sa'an nan a zura hannu ta ƙofar nan, tsakanin atamfa da shafi, a jawo cikin zuwa waje. A tura kusurwoyi da bayan fensir ko wani abu maras tsini. Tsinin almakashi yana huda yadi. A lanƙwasa bakin ƙofar ciki daidai rabin inci, a goge shimfiɗar gaba ɗaya har gefunanta su kwanta. Wadda ke amfani da dutsen guga na gawayi ta ɗora wani tsabtataccen ƙyalle a kai saboda toka.

Ɗinki na biyu shi ne na waje, wanda kowa zai gani. A zagaya shimfiɗar ana barin kwatan inci daga baki. Wannan ɗinki shi zai rufe ƙofar, ya kuma danne gefuna. A ƙarshe a ja layi biyar da alli a gicciye, tsakanin kowane biyu inci uku, a bi su da keke domin ƙyallen tsakiya kada ya tattaru wuri ɗaya a wajen wanki. A yanke zaren da ke reto, a sake gugewa, aiki ya kammala. Ɗalibin da ba shi da keke yana iya yin duk wannan da allurar hannu, ta hanyar ɗinkin nan da ake komawa baya a kowane taku. Zai ɗauki lokaci, amma ƙarfinsa bai gaza na keke ba.

IDAN KEKE YA YI GARDAMA

Yawancin abin da ke korar masu koyo daga keke ƙananan matsaloli ne da ba sa bukatar makaniki. Keke da zare biyu yake ɗinki, na sama wanda ke bi ta allura, da na ƙasa wanda ke naɗe a kwarkwaro. Duk lokacin da allura ta nutse, wani ɗan ƙugiya yakan kama zaren sama ya zagaya da shi bayan na ƙasa, su sarƙe a tsakiyar yadi. Idan aka ga zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, galibi laifin zaren sama ne: ko dai ya yi sako-sako, ko kuma an zura shi alhali 'yar ƙafar tana sauke, bai shiga mazauninsa ba. Magani shi ne a ɗaga ƙafar, a zare shi duka, a sake zurawa daga farko.

Idan keke yana tsallake taku, a duba allura: ko ta lanƙwashe, ko ta dushe, ko an sa ta a juye. Idan yadi yana tattarewa, zare ya cika ɗamewa ne ko kuma mai ɗinki tana jan yadin. Idan allura tana karyewa, ko dai ta ci karo da fil, ko kuma ana jan aiki da ƙarfi ta baya. Ƙurar hunturu da ɓurɓushin auduga sukan taru a ƙarƙashin haƙora, saboda haka a riƙa sharewa da ɗan buroshi, a ɗiga man keke a wuraren da aka tanada. Man gyaɗa ko man ja ba sa maye gurbinsa, domin suna daskarewa su riƙe ƙarfe. Kafin a fara kowane aiki, yana da kyau a gwada ɗinki a kan guntun ƙyalle.

Akwai kuma gargaɗi game da amfani da shimfiɗar kanta. An yi ta ne don faranti da kofi. Tukunyar da aka sauke daga wuta yanzu-yanzu za ta ƙona ta, ta kuma ɓata teburin. Wannan aikin faifai ne ko katako. Man ja da miya suna kama auduga, don haka a jiƙa da sabulu tun tabon yana ɗanye, a kuma zaɓi atamfa mai duhun launi don amfanin yau da kullum.

KO AKWAI KASUWA?

Tambayar da mai koyo za ta yi ita ce ko wannan aiki zai kawo kuɗi. Gaskiyar magana ita ce kasuwarsa tana da iyaka. Gidan da ba a cin abinci a tebur ba ya bukatarta, kuma a kantuna akwai na roba da ake shigowa da su, waɗanda ake gogewa da tsumma ba sai an wanke ba. Wadda ta ɗinka guda ɗari ta zauna jiran masu saye tana iya yin dogon jira. Masu sayen da ake da su su ne gidajen ma'aikata, da masaukan baƙi, da gidajen sayar da abinci, da masu haɗa kayan ɗakin amarya, da masu neman abin kyauta a biki ko suna. Abin da ɗinkakkiya ta fi ta roba da shi shi ne ana iya yin ta daidai da launin labule ko kujerun mai gida, ana wanke ta, kuma ba ta tsagewa.

Wadda za ta sayar, ya kamata ta rubuta kuɗin yadi, da zare, da gawayi ko wutar guga, da kuɗin mota zuwa kasuwa, sa'an nan ta ƙara ladan aikinta. Mata da yawa masu sana'ar cikin gida sukan manta da wannan na ƙarshe, su yi ta aiki suna ganin kuɗi na shigowa, alhali uwar kuɗin ce take dawowa. An fi samun ciniki idan aka haɗa shida-shida masu launi ɗaya, a naɗe su da kyau.

Babbar ribar dai tana cikin abin da hannu ya koya. Hanyar da aka bi aka ɗinka shimfiɗar faranti ita ce za a bi a ɗinka babbar shimfiɗar cin abinci ta ƙasa, wadda ta fi dacewa da yawancin gidaje, da mayafin tire, da rigar matashi, da jakar makaranta, da shimfiɗar jariri, da zanen gado. Awo ne kawai ke sauyawa. Wadda ta ƙware a waɗannan, sai ta matsa zuwa siket ɗin yara mai roba a ƙugu, daga nan zuwa riga mai hannu da wuya.

KIRA GA MAKARANTU DA IYAYE

Ƙasar nan ta daɗe da sanin muhimmancin aikin hannu a kan takarda. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, wadda ta haifar da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, ta sanya darasin kula da gida cikin darussan share fagen sana'a a ƙaramar sakandare. An kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa a 1986, sa'an nan a 1987 Hajiya Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirin kyautata rayuwar matan karkara, wanda ya yawaita cibiyoyin koyar da mata sana'a. Amma darasin ɗinki ba ya shiga ta hanyar allo da alli. Ɗalibin da ya zana hoton keke a littafinsa, ya haddace sunayen sassansa, ya ci jarrabawa, amma bai taɓa zura zare a allura ba, bai koyi ɗinki ba.

Shimfiɗar faranti tana iya rage wannan giɓi ba tare da an jira wani babban kasafi ba. Makarantar da ke da keke biyu ko uku masu aiki, da buhu ɗaya na guntayen atamfa daga telolin unguwa, za ta iya sa kowane ɗalibi, mace ko namiji, ya gama tasa cikin zango ɗaya ya kai gida. Ya kamata shugabannin makarantu da jami'an ma'aikatun ilmi su duba kekunan da ke kulle a ɗakunan ajiya, a gyara masu gyaruwa. Iyaye kuma da ke da keke a lungun ɗaki, hutun makaranta mai zuwa dama ce ta sauke kwanukan da ke kansa, a share ƙura, a ɗiga masa mai, a miƙa wa yaro ko yarinya kwali da alli da ragowar atamfar sallah.